Me Ya Fito da Mu Daga Gida, Me Kuma Ya Riƙe Mu a Bakin Aiki?

Dillalin kayan gwari, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ga ya fi dacewa in kawo ta nan inda akwai manya da malamai da masu sana'a iri-iri. Shekara 19 ke nan ina harkar tumatir da attaruhu da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma yara da dama sun wuce ta hannuna. A cikinsu akwai wani ɗan garinmu da na ɗauko shekara 4 da suka wuce, wanda ban taɓa samun mai amana kamarsa ba. Shi ke tarbar mota idan ta iso daga Arewa da tsakar dare, shi ke ƙirga kwanduna, shi ke karɓar ciniki idan ba na nan, kuma ko kwabo bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Makon jiya ya zo ya durƙusa ya ce mini zai bar aiki, zai koma wajen wani tela a Agege ya koyi ɗinki. Na tambaye shi ko na yi masa wani laifi, ya ce babu. Na ce zan ƙara masa kuɗi, ya yi godiya ya ce ba maganar kuɗi ba ce. Abin da zai riƙa samu a wajen telan bai kai rabin abin da nake ba shi ba, kuma shi da kansa ya san haka. Ni a iya sanina, rashi ne ya fito da yawancinmu daga gida ya kawo mu Legas. To idan yaro ya bar mai yawa ya koma ga kaɗan da yardar kansa, ashe akwai wani abu da ke tura mutum aiki wanda ban fahimta ba. Shi nake so ku taimaka mini in gane.

Ɗan canji, Ikko:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a ganina babu wani ɓoyayyen abu a nan, kuɗin ne dai har yanzu, sai dai yaron ya fi ka hangen nesa a lissafinsa. Ya duba ya ga cewa ko zai shekara 20 a rumfarka, yaron rumfa zai ci gaba da zama, alhali idan ya jure shekara 3 a gindin keken ɗinki zai fita da sana'ar da ba mai ƙwace masa ita. Ya sayar da ribar yau ne ya sayi ta gobe, kuma kowane ɗan kasuwa ya san wannan ciniki. Kada mu ɓoye wa kanmu gaskiya: da a ce kowa a cikinmu zai wayi gari da abin da zai ci da iyalinsa har ƙarshen rayuwarsa, rabin masu fita da asuba a garin nan ba za su sake fita ba.

Tela, Sango Agege:
Yallaɓai, ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba, amma ka bar wani abu a baya. Ni ba ni ne telan da yaron ya je wajensa ba, sai dai na san irin abin da ke ransa domin na taɓa shiga halinsa. Kafin in zauna a kan keke na yi dako, na yi turin kura, na sayar da ruwa a jarka. Duk waɗannan na sami abinci da su kuma ban raina su ba, amma idan rana ta faɗi babu abin da zan nuna in ce wannan ni na yi shi. Kayan gwari ma haka suke, Alhaji ya fi ni sani: tumatirin da ya iso yau, jibi ko an cinye shi ko ya ruɓe. Amma ranar Sallah idan na je filin idi na hango magidanci sanye da babbar rigar da na kwana uku ina yi wa aiki, yana tafe 'ya'yansa na biye da shi cikin kayan da na ɗinka, akwai abin da nake ji a ƙirjina wanda kuɗin ɗinkin bai kai shi ba. Sau da yawa nakan warware ɗinkin da mai kaya ba zai taɓa gane kuskurensa ba, in sake shi daga farko, ba don za a ƙara mini ko sisi ba, sai don ni na san bai yi ba. Wannan lissafin riba bai bayyana shi.

Ɗan canji, Ikko:
Malam tela, kana sake ɗinkin ne domin sunanka ya yi kyau, sunan kuma shi ke kawo maka masu ɗinki. Can ma kuɗi ya koma.

Tela, Sango Agege:
A'a yallaɓai. Har rigar yaron da uwarsa ta kawo mini guntun yadi, wadda na san ba za ta iya biyana ba, haka nake yi mata.

Tsohon ɗan acaɓa, Mushin:
Ina neman izinin manya in faɗi abin da na gani da idona. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka fara aiki da dokar hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 6, wato Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, bayan 'yan watanni kuma aka ƙara wasu har da Mushin inda nake zaune. Ba zan shiga maganar dacewar dokar ko rashin dacewarta ba, domin ba ita ta tara mu ba. Abin da zan faɗa shi ne, na yi wata 5 a zaune, kuma a cikin watannin nan ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, saboda yayana yana sayar da tsire kuma bai taɓa hana ni abinci ko kuɗin kashewa ba. Idan da ciki ne kaɗai matsalar, da na zauna lafiya. Amma wallahi watannin nan sun fi mini kowane lokaci nauyi a rayuwata. Gari zai waye kowa ya yi wanka ya fita, ni in rasa inda zan dosa. Na daina zama a majalisa domin kada a tambaye ni me ake ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Juma'a, domin a da kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan tsaya wajen mai POS in tura wa mahaifiyata abin cefane, ita kuma ta kira ni ta sa mini albarka. Da aikin ya tsaya ta ci gaba da kira tana sa albarkar, ba ta taɓa tambayar komai ba, amma ni na kasa ɗaukar wayar. Ranar da na sami aikin lodi a wani sito, abin da ake biyana bai kai na acaɓa ba, amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Hausawa da suka ce da zaman banza gara aikin kishiya, ban gane nauyin maganar ba sai a lokacin.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa, ya kuma ƙara wa mahaifiya lafiya. Abin da ka faɗa yana da tushe a addini. Hadisin da Imam Bukhari ya buɗe littafinsa da shi yana cewa ayyuka suna tare da niyya, kuma kowane mutum yana da abin da ya yi niyya. Malamai sun fi kawo shi a babin ibada, amma ya shafi kasuwa da ofis da bakin titi. Mutum biyu za su ɗauki buhu iri ɗaya a kai, a biya su kuɗi ɗaya, ɗaya yana neman abin da zai yi fariya da shi, ɗayan yana neman abin da zai rufa wa iyayensa asiri, kuma a wajen Allah ayyukan nan biyu ba ɗaya ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi ladarsa, har lomar da ya sa a bakin matarsa. Ya kuma ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya ɗauko itace a bayansa ya sayar, ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Ku lura cewa hadisin bai ce itacen zai fi roƙo kawo kuɗi ba, domin sau da yawa maroƙi ya fi mai itace samu. Abin da ake kiyayewa a nan shi ne fuskar mutum.

Sai kuma labarin Abdurrahman bin Auf, wanda nake ganin ya fi kusa da tambayar Alhaji. Da ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'ad bin Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka ga dukiyarsa da iyalinsa, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ga dukiya a shirye ba tare da gumi ba, ya bar ta ya tafi neman nasa. Yaronka, Alhaji, wataƙila bai san wannan labari ba, amma abin da ya yi yana kama da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
Sallama gare ku iyayena da yayyena. Na ga ana ta magana kamar maza ne kaɗai ke fita nema, shi ya sa na ce bari in sa baki. Gwaggona da ta riƙe ni a Agege ta shekara fiye da 20 tana tuyar ƙosai da dama koko a ƙofar gida, alhali mijinta bai gaza da ita ba ta fuskar ci da sutura. Ina yarinya na tambaye ta dalilin wannan wahala, ta ce mini macen da ba ta da nata, ko gaisuwar mutuwa za ta je sai ta tsaya a bayan wani ta miƙa hannu. Da kuɗin ƙosan nan take zubin adashe, da adashen ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi take kai gudummawar biki da suna, da shi kuma ta biya mini kuɗin jarrabawa a shekarar da abubuwa suka tsaya wa mijinta. Abin da take saye da guminta shi ne ikon yin alheri ba tare da ta nemi izini a aljihun kowa ba.

Ni kuma nawa dalilin ya sauya a hanya. Na shiga jinya ne domin a lokacin ita ce hanyar da na ga mace za ta sami aiki tabbatacce. Amma yanzu, bayan shekara 11, abin da ke tashe ni zuwa aikin dare shi ne matan Arewa da ake kawowa haihuwa ba su jin Yarabanci ba su jin Turanci, suna cikin tsoro, sai na yi musu sannu da Hausa in ga jikinsu ya saki. Abokan aikina da yawa sun tafi Ingila da Kanada da Saudiyya, abin da ake kira japa a nan, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, domin aikin yana da yawa kuma albashin ba ya kai wata. Ni ma na cika takardu sau ɗaya na ajiye. Ban ce ba zan taɓa tafiya ba. Amma duk lokacin da na tuna fuskokin matan nan sai in ji ƙafata ta yi nauyi.

Jami'in kula da ma'aikata, Ikeja:
Wannan muhawara ta shafi aikina kai tsaye, domin ɗaukar ma'aikata da sauraron dalilan masu ajiye aiki shi ne abin da nake yi kullum a kamfanin da nake. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka mai suna Frederick Herzberg ya wallafa sakamakon wani bincike a 1959, bayan an tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh lokutan da suka fi jin daɗin aikinsu da lokutan da suka fi ƙinsa. Abin da ya fito shi ne, abubuwan da ke sa mutum ƙin aiki daban suke da waɗanda ke sa shi son aiki. Ƙarancin albashi da mugun shugaba da wurin aiki marar kyau suna sa ƙorafi, kuma idan aka gyara su ƙorafin yakan lafa, amma gyaran shi kaɗai ba ya sa mutum ya ba da zuciyarsa. Abin da ke sa hakan shi ne aikin kansa, da a yaba wa mutum idan ya yi daidai, da a damƙa masa nauyi, da kuma ya ga yana gaba ba a tsaye yake wuri ɗaya ba.

Idan na auna maganar Alhaji da wannan ma'auni, ya cika wa yaron kashi na farko, har ya ba shi wani abu daga na biyu tunda ya amince masa da kuɗi. Abin da ya rage shi ne na ƙarshe, wato ya ga yana ci gaba. Yaron ya iya duk abin da ke cikin aikin tun a shekara ta biyu, daga nan kuma kowace rana irin ta jiya ce. A wajenmu ma, waɗanda suka fi ba mu mamaki da takardar ajiye aiki su ne ƙwararrun da aka bari a kujera ɗaya saboda sun iya ta sosai.

Ɗan canji, Ikko:
Ranka ya daɗe, ka faɗa da bakinka cewa injiniyoyi da akantoci aka tambaya, mutanen da cikinsu a ƙoshe yake. A zo a tambayi ɗan dako a Mile 12 ko ɗan garuwa a Obalende. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na haya suka tashi, an mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a 2024, gwamnatin Legas ta ce nata 85,000, kuma kowa a nan ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa a wata. Mafi yawan mutanenmu ma ba su cikin masu albashin, abin da suka samu a yini shi za su ci. Ina tsoron irin wannan magana ta son aiki da jin daɗin yabo, domin masu gida suna fakewa da ita su danne haƙƙin yara, a ce wa yaro ana koya masa sana'a ne alhali bauta yake yi.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
A wannan gaɓar ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe. Kyakkyawar niyyar ma'aikaci tsakaninsa ce da Ubangijinsa, ba ta rage ko kwabo daga abin da ke kan mai gida.

Jami'in kula da ma'aikata, Ikeja:
Na karɓi gyaran, kuma masana da yawa sun yi wa binciken irin wannan suka. Sai dai ka duba cewa a cikin waɗanda suka yi magana a nan babu injiniya babu akanta, amma tela da ɗan acaɓa da ma'aikaciyar jinya duk sun ambaci wani abu bayan kuɗi. Ba na cewa kuɗi ba kome ba ne. Ina cewa idan an biya shi daidai, tambayar Alhaji tana nan ba ta amsu ba.

Maigadi, Lekki:
Ni ba ni da ilimin da zan yi jayayya da kowa, amma ina so a rubuta tawa ita ma. Shekara 9 ina gadin gida ɗaya. Ba na son aikin, kuma ba zan yi ƙarya in ce akwai wani daɗi a buɗe ƙofa da rufe ta ba. Mutanen gidan suna biyana a kan lokaci, ban zarge su da wannan ba, amma har yau ba su kira ni da sunana, sai dai aboki. Babu yabo, babu ci gaba, babu abin da zan nuna. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗakuna 3 da nake ginawa a garinmu, waɗanda yanzu sun kai linta, da 'yata ta fari da ke karatun ungozoma. Idan sauro ya dame ni da dare ina zaune a bakin ƙofa, ita nake tunawa. Ranar da ta gama karatu na kuma rufa kwano, a ranar zan miƙa makulli in hau mota. Don haka a sani akwai masu aiki da yawa da dalilinsu ba ya cikin aikin ko kaɗan, yana can gida yana jiransu.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
Baba, Allah ya cika maka burinka, ya sa ta gama lafiya. Idan ta fara aiki ka gaya mata wannan maganar kamar yadda ka rubuta ta a nan, domin za ta buƙace ta a daren da aiki ya yi mata nauyi.

Dattijo mai goro, Agege:
Jikana ne yake karanta mini maganganunku, shi ne kuma yake rubuta wannan da bakina. A Agege aka haife ni, mahaifina kuwa daga ƙasar Kano ya zo. Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, Hausawa suka riƙa sauka a nan saboda goron da ake nomawa a wannan yanki, suna saye suna ɗaurewa a huhu suna aikawa Arewa, shi ya sa har yau unguwarmu take amsa sunan zango. Kafin jirgin ƙasa ma fatake suna zuwa Gwanja da jakuna, tafiyar watanni, wasu ba su komowa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Mutum irinsa ya wuce neman abin da zai ci tun da ƙuruciyarsa, amma bai zauna ba har ƙarshen rayuwarsa. Don haka ɗana mai canji, maganarka cewa wanda ya ƙoshi ba zai fita ba, ban ga haka a rayuwa ba.

Abin da na gani shi ne dalilin mutum yana tsufa tare da shi. A da 'yan cin rani suna zuwa bayan an gama girbi, su yi wata 4 ko 5, su koma kafin ruwan shuka, kuma kowannensu ya san abin da ya zo nema: wannan kuɗin haraji, wannan sadaki da lefe, wancan keke ko rediyo ko ɗan maraƙi. Saurayi yana aiki ne domin a daina kiransa yaro. Idan ya yi aure sai aikin ya zama na bakunan da ke jiransa. Idan 'ya'ya suka kama gabansu, sai ya zama na suna da mutunci, a ce wane ba a taɓa kama shi da algus ba. Ni yanzu na haura 80, 'ya'yana sun sha roƙona in zauna a gida, amma kullum da hantsi sai an kai ni rumfa. Ba na ɗaga huhu, ba na ƙirga kuɗi. Ina zuwa ne domin a can ake gaishe ni, a can ake kawo mini rigima in sasanta, a can yara ke miƙo mini goro su ce Baba duba mana wannan ko zai yi ajiya. Idan na zauna a gida, wannan sanin zai mutu tun ina da rai.

Kai kuma Alhaji mai kayan gwari, ina da tambaya ɗaya gare ka. A shekara 4 da yaron nan ya yi a hannunka, ka taɓa zaunar da shi ka gaya masa ranar da za ka sallame shi da jarinsa? Maƙwabtanmu Inyamurai a kasuwannin Alaba da Ladipo, tun ranar da za su ɗauki yaro ake yanka shekarun da zai yi a gaban iyayensa, idan ya cika a buɗe masa shago. Ba kullum suke cikawa ba, amma yaron ya san inda hanyar ta nufa. Mu iyayenmu ma suna yi, sai dai mun bar abin a zuci ba mu furtawa, yaro kuwa ba ya ganin abin da ke zuciyar ubangidansa.

Dillalin kayan gwari, Mile 12:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amsar tambayarka ita ce ban taɓa ba. Ina da niyyar a raina, har na fara ware masa wani abu ba tare da ya sani ba, amma ban taɓa buɗe baki na faɗa masa ba, domin ina ganin lokaci bai yi ba, kuma gaskiya ina jin tsoron ranar da zan rasa shi a rumfa. Maganarka ta tuna mini da abin da na manta. Ni ma haka na bar ubangidana shekara 19 da suka wuce. Bai cuce ni ba, yana ciyar da ni yana yi mini sutura, amma na duba gaba ban ga ranar da za a ce wannan rumfar tawa ce ba, sai na fita da kwando 5 na bashi. Ya yi fushi da ni har shekara 2, kuma a lokacin na kasa yi masa bayanin abin da ke raina, kamar yadda yaron nan ya kasa yi mini.

Jiya bayan la'asar na je Agege na same shi. Na tarar da shi a ƙasa yana koyon yanka a kan takardar siminti, ko keken ba a fara ba shi ba tukuna. Na tambaye shi dalilin da ya sa ɗinki ya zaɓa ba wata sana'a ba, sai ya ce mini mahaifinsa tela ne, ya rasu yana ɗan shekara 7, kuma keken yana nan a ɗakin mahaifiyarsa an lulluɓe shi da zane, ta ƙi sayarwa duk wuyar da suka sha. Shekara 4 muna tare dare da rana, ban san wannan ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na gaya masa abin da na ware masa yana nan, ranar da aka yaye shi zan cika masa ya kama shago.

Yanzu akwai yara 2 da suka rage a hannuna. Baba, ina so ka ba ni shawarar yadda ake yanka wa'adin nan a harka irin tamu, inda wata shekarar ake samu wata kuma kaya su ruɓe a hanya.

Dattijo mai goro, Agege:
Kada ka yanka da adadin kuɗi, tunda kasuwarku ba ta da tabbas, ka yanka da shekaru da kuma kaso. Ka kira wani babba daga danginsu ko shugaban 'yan garinku a kasuwa ya zama shaida, a rubuta a takarda kowa ya riƙe tasa. Daga shekara ta biyu ka ware wa kowane yaro 'yan kwanduna a cikin kowace mota, ya sayar da kansa, riba da faɗuwa duka nasa, kai kuma ka riƙe masa ribar a littafin da zai iya dubawa duk lokacin da ya so. Kafin ka yi wannan duka, ka zaunar da su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kowannensu abin da ya zo nema Legas, domin mai yiwuwa ɗayansu ba rumfa yake so ba. Idan ka shirya zaman, ka zo da su Agege ranar Lahadi bayan azahar, za ka same ni a rumfa.